Shekarar da Na Juyo Na Kalli Yayanku

Ku duka kun taso kun tarar da maganar a gidan nan, ko da yake a cikinku ba wanda ya taɓa yin ta a gabana: wai ni na hana yayanku tafiya sansanin 'yan wasa na ƙasa, na ba ɗan wani gurbinsa, don kada mutanen Wudil su ce Malam Sabo ya yi son kai. Rabin maganar gaskiya ce. Ni na cire sunansa, da hannun nan nawa. Amma dalilin da kuke riƙe da shi ya yi mini kyau fiye da kima, ya mai da ni wani adali, alhali ba haka abin yake ba. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, likita kuma ya raba ni da gishiri da yawo, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Sai na fara gaya wa ƙananan cikinku mene ne kurket, don na san ban da ƙwallon ƙafa ba abin da kuka sani. Turaku uku ake kafawa. Mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako a hannu, wani ya rugo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba, ta daki ƙasa ta taso masa. Aikin mai katako ya kare turakun, ya doke ƙwallon nesa ya yi gudu, kowane gudu maki ne. In ƙwallo ta tuge turke, ko aka cafe ta a sama, ya fita. In kuma ta daki ƙafarsa a saitin turakun, sai abokan hamayya su yi ihu su nemi hukunci, alƙali ya ɗaga yatsa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa. Ni a kwalejin horar da malamai na koyi wasan, wurin wani malamin kimiyya ɗan Pakistan, kuma ba daɗinsa ne ya fara kama ni ba, mamaki ne. Ya ce mana a ƙasashensu akwai wasan da ake kwana biyar ana yi, a tashi a ci abinci a dawo, wani lokaci ma a watse ba wanda ya yi nasara. Na yi dariya har ya ji haushi. Daga baya tambayar ta ƙi barina: wane irin mutum ne zai wuni a rana ana jifansa da abu kamar dutse, bai yi fushi ba, bai yi gaggawa ba? Kuma ta yaya za ka gane shi tun yana yaro? Tambayar nan ita na kawo Wudil a cikin akwatina, tare da katako biyu da ƙwallo uku.

A makarantar da aka turo ni koyar da motsa jiki babu filin kurket, kuma ba wanda zai ba ni siminti saboda wasan da shugaban makaranta ke kira “wasan Malam Sabo”. Wata tsohuwa ce ta fitar da ni, Iya Tabawa, mutuniyar Achika, mai sayar wa ɗalibai gyaɗa da ƙuli-ƙuli a bakin fili. Ta ji ina ƙorafin ƙwallo ba ta tashi a rairayi, ta ce in dai ƙasa mai tauri nake so ai ba abin wahala ba ne. Ta tara mata 'yan'uwanta, aka zuba tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, suka yi mana daɓe irin na tsakar ɗaki, dogo siriri a tsakiyar fili, suna yi suna waƙa, ɗalibai na dariya. Duk bayan damina sai ta dawo da madaɓinta ta gyara. Saboda haka take ganin filin nata ne, ba ta fashin kallo, ko da yake har ta koma ga Allah ba ta san yadda ake ƙirga maki ba.

To, yanzu ga inda laifina yake. Yayanku shi ne ɗan farina. Ni na taso ban taɓa jin mahaifina ya kira sunan yayana ba, ban taɓa ganin ya ɗauke shi ko ya yaba masa a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya ce ƙiyayya ce. Alkunya ce, ita muka gada, ita na ɗauka ban tambaya ba. Da yayanku ya shigo makarantar ya shiga kurket, sai na yi wa kaina tsari. Ni ne alƙalin kowane wasa, amma da zarar na ga ya ɗauki katako ya nufo daɓe, sai in miƙa wa wani babban ɗalibi hular alƙalanci, in tuna da wani aiki a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Can nake tsayawa ƙarƙashin darbejiya, ina jin ƙarar katako da tafi, ina yi kamar ina duba tayar kekena. Tayar nan ta sha dubawa. Sai an ce ya fita in dawo. Da yamma in buɗe littafin maki in ga abin da ya yi, zuciyata ta yi fari ƙal, in rufe littafin ban ce wa kowa komai ba. Shekara huɗu muna haka. Ni da nake iya gaya muku yadda kowane yaro a makarantar yake aje ƙafarsa ta hagu, ɗana a takarda kawai na san shi.

A takardar kuwa ba shi da na biyu. Makinsa ya ninka na mai bi masa. Mai bi masan shi ne Ila, wani baƙin yaro ɗan Lajawa, gajere, mai kafaɗa irin ta masu huɗa, wanda in yana bugu sai ka rantse kaftu yake yi. Ba kyau, ba salo, ga jinkiri. Ɗalibai har hamma suke yi in ya shiga.

A shekararsu ta ƙarshe wasiƙa ta zo daga masu kula da wasan a jiha. Za a buɗe sansani a kudu don zaɓen matasa 'yan ƙasa da shekara goma sha tara da za su je wasa ƙasashen waje, an ba mu gurbin mai bugu ɗaya. Ƙasarmu ba ta kai ga wasan kwana biyar ɗin nan ba, amma ga ni ta wannan ƙofar ake fara leƙa shi, kuma tun da na zo Wudil ba a taɓa buɗe mana ita ba. Duk makarantar ta san wanda zai tafi. Gwaggonku Hansai har ta fara zancen dambun naman guzuri. Na zauna cike takardar, na rubuta makin yayanku, sai na iso wani layi a ƙasa: malami ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ko yaron zai iya tsayawa gaban masu jifan da bai saba da su ba. Na ɗaga biro na ajiye. Ban ga komai da idona ba.

Maimakon in je in gani, sai na yi abin da na saba, na koma takarda. Na kwaso littattafan shekara huɗun na baje su a tabarma bayan la'asar, wannan karon ba yawan makin nake dubawa ba, yadda kowa yake fita nake bi. Nan na ci karo da abin da ya tsaya mini a rai. Ila ya fita ta kowace hanya da Allah ya halitta: an tuge masa turke, an cafe shi, an kama ƙafarsa ba adadi. Yayanku kuwa, a shekara huɗu, ko sau ɗaya ba a taɓa fitar da shi ta ƙafa ba. Na sake bi shafi-shafi, na ɗauka idona ne. Ko manyan duniya da nake jin labarinsu a rediyo ana kama ƙafarsu. Ko dai na haifi abin da ba a taɓa haifa ba, ko akwai abin da littafin bai faɗa mini ba. Gaskiya ban ji tsoro ba a lokacin, ƙaiƙayin son sani ne kawai ya hana ni sakat. Na tambayi mahaifiyarku ko ya taɓa dawowa gida da kumburi a cinya ko a haƙarƙari, tunda ita ke dafa ruwan gashi. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce ita zan tambaya zancen jikin ɗan fari? Amma da ta juya za ta fita, ta ce ba ta tuna ba.

Washegari na tarar da Iya Tabawa tana shafa daɓenta tana neman tsaga. Muka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya da gwiwar da tun lokacin ta fara yi mini gargaɗi, na tambayi mutanen Achika da yadda gero ya yi. Sannan na kewaya na kewaya, na ce yaya take ganin wasan yaran nan. Ta gane wanda nake nufi.

“Malam, ni ban san wasanku ba,” in ji ta. “Amma in baƙin yaron nan na Lajawa ya tsaya, jifansa suke kamar sun ga kare a rumbu. In naka ya tsaya, miƙa masa suke kamar ana ba baƙo ruwa.”

Na ce ko idonta ne. Ta ce idonta ne mana, tunda nawa yana bayan ɗakin kwalabe, wato ɗakin gwaje-gwaje.

Ranar Asabar aka yi wasa tsakanin gidajen makaranta. Da ya ɗauki katako na miƙa hula kamar kullum, na zagaya, amma ban je darbejiya ba. Na shiga ɗakin gwaje-gwaje na tsaya jikin taga, ni da gemuna, ina leƙen ɗana kamar ɓarawo. Abu na farko da na gani shi ne hannunsa. Ban shirya masa ba. Yakan jira ƙwallo har sai ka ce ta wuce shi, sannan ya karkata wuyan hannu kaɗan, ta bi ƙasa ta tafi kamar an aike ta. Ban koya wa kowa wannan ba, ni kaina ban iya ba. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji har na riƙe ƙarfen taga. Abu na biyu kuma shi ne abin da tsohuwar ta faɗa. Mai jifan da na san shi da zafin hannu, wanda ya taɓa fasa wa Ila leɓe, sai ga shi yana rage gudu taku uku kafin ya saki ƙwallo, kuma ko sau ɗaya bai bar ta ta taso sama da gwiwa ba. Can sai wata ta kuɓuce masa ta daki ƙafar yayanku a saitin turke na tsakiya, abin da ko makaho zai ji a kunne ya ce ya fita. Na jira ihu. Yara goma sha ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, wani yana gyara igiyar takalmi, wani yana kallon shaho. A dokar wasan alƙali ba ya ɗaga yatsa sai an nema, su kuwa wa zai buɗe baki ya yi wa Ɗan Malam ihu a filin Malam? Har makarantu biyun da muke karawa da su, tsofaffin ɗalibaina ne ke horar da su. Ba wanda ya yi maguɗi, ba wanda ya rubuta ƙarya. Ladabi ne kawai, irin wanda ni da kaina nake dukan yara in ba su yi ba.

Na kwana biyu ina juya abin. Na san yanzu makin ba shi ne shi ba, amma ban san nawa ne nasa nawa ne na kunyar mutane ba, kuma hannun nan da na gani ba kyauta aka ba shi ba. Akwai wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu yana koyar da lissafi, dogo, ɗalibai na kiransa Kofa. Ya yi kurket a jami'arsu, watansa biyu kawai a garin, bai gama sanin ɗan wane ne wane ba. Na ce masa ina da yara biyu, ina so ya yi wa kowanne jifa goma sha takwas irin wanda za su tarar a sansani, kada ya tausaya wa kowa. Na kira su ranar Laraba da hantsi, lokacin da sauran ke aji. Na sa hulata na tsaya a wurin alƙali. Da yayanku ya ga ban miƙa hular ga kowa ba, ya dube ni, ya yi saurin kawar da kai. Na ga murmushi a gefen bakinsa, kuma har yau murmushin nan yana damuna.

Ila ya fara. Ya sha duka a kafaɗa, ya sha a yatsa, ya yarfe hannu ya koma. Wadda ta yi sama ya duƙa mata, wadda ta yi gefe ya ƙyale ta ta wuce, wadda ta nufo turke ya tare ta da kaftun nan nasa. Sha takwas suka ƙare turakunsa na tsaye. Shekara huɗu ana jifansa da mugunta, ashe karatu ake ba shi.

Yayanku ya shiga. Ta farko ta taso ta wuce gaban hancinsa, na ga idonsa ya buɗe, don bai taɓa ganin ƙwallo a wannan tsayin ba. Ta biyu ta same shi a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake. Ta huɗu ta daki ƙafarsa. Kofa ya juyo gare ni ya kwarma ihu da hannu biyu a sama, irin ihun da ba a taɓa yi wa yaron nan ba. Na ɗaga yatsa. Wannan ne hukunci na farko da na taɓa yi a kansa, kuma daidai ne.

“A ƙarasa mini sauran,” in ji shi, ba tare da ya dube ni ba.

Aka ci gaba. Sau biyu kuma turkensa ya tashi. Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: daga ta goma sha uku ya fara ganinta. Ya duƙa wa ɗaya daidai lokacin da ya kamata. Ya ja baya ya tare wata. Ta ƙarshe, wadda ta taso masa a ƙirji, ya juya ya doke ta ta tafi har gindin darbejiyata. Kofa ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce mini da Turanci wannan yaron a ba shi wata shida ana jifansa haka, sai ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Saura kwana goma sha biyu a buɗe sansani, kuma kafin shekara ta zagayo shekarunsa sun wuce.

Na tambayi kaina ko in tura shi haka, ya ƙarasa koyo a can. Amma a sansani ba a koyarwa, tankaɗe ake yi, kwana ukun farko ake sallamar rabi. Na ga zan aika shi ne a karya masa haƙarƙari a gaban baƙi, Wudil kuma ta rasa gurbin da ƙila ba za a sake ba ta ba. Layin nan ya ce in faɗi abin da na gani. Na ga yaro ɗaya da ya shirya, na ga wani da ya fi shi baiwa bai shirya ba. Na rubuta sunan Ila.

Gwaggonku Hansai ta zo tun daga ƙofar zaure take faɗa, ta ce na sayar da ɗana don a ce da ni mutumin kirki, daga bakinta kuka samo labarin da kuke riƙe da shi. Mahaifiyarku kuwa na ga ta ɗora ruwan gashi ta ba ƙanwarsa ta kai masa. Shi kuwa sai ranar Juma'a ya yi magana. Muna dawowa daga masallaci, hanya ta cushe da shanun da ake kaɗawa daga kasuwar kara, dole muka raɓe jikin wani shago muna jira su wuce. Na ga ba mai jinmu, na ce masa yaran nan sassauta masa suke yi, ya sani? Na ɗauka labari nake ba shi.

“Na sani, Baba. Tun ina aji uku na sani. Na roƙe su su daina, suka ce ba za su iya ba.” Ya bi wani bijimi da kallo har ya wuce. “Mutum ɗaya ne zai ce musu su jefe ni su ji. Shi kuma yana duba tayar keke.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin kunyar da na gada ba ce.

Ranar da Ila zai tafi, yayanku ya kai masa katakonsa har tasha, ya ce nasa ya fi na makaranta. Bai sake riƙe wani ba. Ila ya tsallake tankaɗen farko da na biyu, aka sallame shi a makon ƙarshe. Ya dawo yana ba mu labarin filin ciyawa, inda ƙwallo ke karkata bayan ta daki ƙasa, abin da daɓen Iya Tabawa bai taɓa koya mana ba. Yau yana noma a Lajawa, duk sallah yana kawo mini zabi. Ba a sake ba mu gurbi ba har na yi ritaya. Shin da na juyo shekara biyu kafin nan, da yayanku ya kai inda Ila bai kai ba? Ban sani ba. Tambayar da na kawo garin nan a akwati, ta yadda ake gane yaro, na sami rabin amsarta a kan ɗana: littafi yana faɗin abin da yaro ya ci, ba ya faɗin wanda ya jefe shi da yadda aka jefe shi. Sai ka tsaya a wurin.

Kun san yayanku, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya yi karatun dabbobi, ya kama aikinsa, duk safiya yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Watan jiya ya ce in zo in ga wasan ɗansa na fari a makarantarsu. Ƙwallon ƙafa ne, ba komai. Aka ba ni kujera a inuwa. Shi ya ƙi zama, ya tsaya a bakin layi a tsakiyar rana yana kiran sunan yaron da ƙarfi, yana gaya masa ya saki ƙwallo, yana faɗa wa ɗan bayan da ke jin nauyin tare shi ya shiga masa sosai. Wani dattijo kusa da ni ya taɓe baki ya ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido, ɗan fari guda. Ya tambaye ni ko na san ɗan wane ne. Na ce nawa ne.

Shekara arba'in da ɗoriya ban kira sunansa ba, a takardar nan ma kun ga yadda na yi ta kewaye shi. Ku ba shi ya karanta wannan shafin da kansa. Mustafa, ranar Asabar ɗin nan ina jikin taga. Na ga hannunka. Ban taɓa ganin irinsa ba, kafin ranar ko bayanta, kuma tun ranar ya kamata in gaya maka.